JAN ZARE A WUYAN RIGAR BABA

Shafi na 34

Wadda ta turo min saƙo cewa in ban saki shafin nan yau ba za ta zo har gida ta wanke min riga da koren sabulu, na ji tsoro, ga shi nan. Jiya mun bar Yatsu a ma'ajiya ta ci karo da rigar aikin mahaifinta, wadda aka ce mata ta ƙone shekara bakwai da suka wuce.

*

Ban san lokacin da na fito daga ma'ajiyar ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar ɗakin wanki, rigar Baba a dunƙule a ƙirjina, injuna suna ta gurnaninsu, ƙarfe goma na safe ma bai cika ba.

Wanda ya shigo ta ƙofar gaba, abin da zai gani shi ne kantar karɓar kaya, da riguna a jere cikin leda, da takardar izini a manne a bango. Gidan wanki da guga ne, babu wanda zai ce ba haka ba. Mu da muke bayan labule mu muka san sunanmu na gaskiya, 'Yan Ɗauraya. Ba ruwanmu da kuɗin mutum ko gwal ɗinsa, hannu muke sata. Duk gwanin da ya daɗe yana aiki cikin riga ɗaya, gwanintarsa tana sauka cikin zaren tare da guminsa. In aka wanke rigar da koren sabulunmu, sai gwanintar ta bi ruwan farko. A tace, a ɗura a kwalba, a sayar wa wanda yake son ya iya abu ba tare da ya sha wahalar koyo ba. Mai rigar kuwa sai ya wayi gari hannunsa ya manta da shi.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ce uwar ɗakinmu. Na same ta a kan kujerarta ta roba, tabarau a ƙarshen hanci, tana zura zare a allura.

"Goggo."

Ba ta ɗago ba.

"Yatsu, in yunwa ce, ba ni na ɗora miki ita ba."

Na shimfiɗa rigar a kan teburin guga. Ruwan ƙasa ce, aljihunta na hagu yana nan da tabon man agogo.

"Wannan fa?"

"Riga ce."

"Ta wa?"

"Ke da kika ɗauko ta ai kin fi ni sani."

"Kin ce min ta ƙone. Ni na kawo ta da hannuna, satin da na fara aiki a gidan nan. Kika ce ma'aikata kyauta ake musu wankin gida. Washegari kika ce Yaya Dogo ya manta dutsen guga a kanta."

Dogo, babban mai gugarmu, wanda ya koya min riƙe dutse, ya ajiye nasa a hankali. Bai juyo ba.

Na juya wuyan rigar. A gidan nan kowace riga sai an ɗinka mata alama a cikin wuya. Farin zare yana nufin namu ne, ba a taɓawa. Jan zare yana nufin a wanke. Kowa kuma da irin ƙullinsa. Wannan zaren ja ne, an naɗe shi sau uku, an gutsure bakinsa da haƙori. Mutum ɗaya ce a duk gidan ba ta neman almakashi.

"Ƙullin wa ke nan, Goggo?"

Sai a lokacin ta cire tabarau ta dube ni. Na so in ga ta firgita, ko ta yi ƙarya, ko ta rantse. Wallahi da ta rantse da na yarda, don ina son in yarda. Amma ko a jikinta.

"Nawa ne."

Na dafa tebur.

Baba mai gyaran agogo ne, irin wanda mutane suke tsallake shaguna goma su zo wurinsa. Agogon da aka fitar da rai da shi, zai kara shi a kunne ya gaya maka ciwonsa kafin ya buɗe. Yau maɓallin rigarsa ni nake sa masa. Cokali sai ya tallafe shi da hannu biyu. Babu likitan da ba mu je wurinsa ba, kowa ya duba ya ce bai ga komai ba. Goggon nan kuma ita take riƙe masa jaka a layin asibiti, tana share hawaye da bakin mayafi.

"Yayanki ne fa. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Kar ki koya min zumunci, ɗiyata, a baya ɗaya aka goye mu."

"To me ya yi miki?"

"Shi? Bai yi min komai ba. Bai taɓa yi wa kowa komai ba, shi ya sa kowa yake sonsa." Ta soke allurar a hannun kujera. "Kakanki yana da teburin gyara guda ɗaya da 'ya'ya biyu. Ni na fi Yaya ido, ni na fi shi nutsuwa, kakanki ya sani. Ranar da ya tashi zaɓe, ya miƙa masa hantsaki, ni ya miƙo min sabulu. To ga abin da na yi da sabulun."

"Shi ke nan? Saboda wannan kika mayar da shi haka?"

"Shekara arba'in ina wanke dattin mutane. Ke kike ganin kaɗan ne."

Zuciyata tana tafasa, amma na danne. Ba faɗa ya kawo ni ba, hannun Baba nake so.

"Ina kwalbar?"

"Babu kwalba."

"Wa kika sayar wa? Ki gaya min sunansa kawai. Babu ƙofar da za ta hana ni shiga, kin sani."

Goggo ta yi dariya, irin wadda take yi wa mai kaya in ya ce an canza masa wando.

"Ban sayar ba. Kyauta na bayar."

"Wa?"

"Ranar da aka rantsar da ke a ɗakin nan, me na ba ki a ƙaramin kofi?"

Na kau da kai daga kallonta.

"Ina jin ki."

"Ruwan rantsuwa. Kin ce kowa yana sha."

"Dogo, kai ka sha?"

Dogo ya girgiza kai, idonsa a kan rigar da yake gogewa.

"Ke da kika fasa min kofi shida a sati ɗaya," in ji Goggo. "Ke da ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa ba. Kika wayi gari babu kwaɗon da yake gagarar ki, babu akwatin ƙarfen da ba ya buɗe miki baki, har aka manta sunanki aka koma kiran ki Yatsu. Ba ki taɓa tambayar kanki ba? Kin ɗauka daga sama abin ya faɗo miki? Ni ba na iya sha, wanda ya daɗe yana taɓa sabulun ruwa ba ya kama shi. Ke kuwa sabuwa ce, ga shi jininsa ce. Ya zauna miki daram."

Na ɗaga hannuwana na dube su kamar yau na fara ganin su.

Watan jiya maƙwabciyarmu ta kawo agogon bango ya tsaya. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya kasa ko kwance bayansa. Na karɓa don in rufa masa asiri, ban ankara ba na buɗe shi na gyara. Baba ya kama hannuwan nan nawa yana kuka, yana cewa, "Kin gaje ni, 'yata, ashe abin bai ɓata ba." Ya yi ta sa musu albarka. Saboda wannan ranar na zo na gaya wa Goggo zan bar aiki ƙarshen wata, in buɗe masa shagonsa, ya zauna kusa da ni yana ba ni umarni. Ashe hannunsa ne yake sa wa albarka, a jikin ɓarauniyarsa.

Kuka ya ƙwace min.

"Kin cuce ni, Goggo. Kin sa na ci amanar ubana ban sani ba."

"Yau kika san ana cuta?" Ta miƙe tsaye. "Gwanayen da ba sa kawo wanki, wa nake aikawa ya ɗauko rigunansu? Telan nan mai 'ya'ya biyar, wa ya buɗe shagonsa? Tsohon nan mai ɗinkin takalmi fa? Su ba iyayen wasu ba ne? Kin dawo kina rawar kai kina cewa cikin numfashi biyu kika buɗe. Yanzu da abin ya taɓa naki sai kika tuna da Allah."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta fi zagi ciwo.

Na share fuskata da hannun riga.

"Ana iya mayar masa?"

"A'a."

Ta amsa da wuri fiye da yadda ta saba. Shekara bakwai ina gaban matar nan, na san lokacin da take ɓoye abu, ko kuma haka na ɗauka.

"Ana iyawa. Gaya min."

"Uwar ɗaki, kar ki gaya mata," in ji Dogo. Ya juyo a karo na farko, idanunsa sun yi ja. "Ƙanwata, ki bar maganar nan. Abin da ya wuce ya wuce. Ki je ki buɗe shagon, ki riƙe tsohon da hannun da kike da shi."

"Yaya Dogo, kai ma ka sani duk shekarun nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na sani. Kullum in na gan ki sai na ji kunya."

"To in kana jin kunyata, ka bari ta faɗa."

Goggo ta ja dogon numfashi, ta koma ta zauna.

"Wanda ya sha, babu mai iya wanke shi. Ko ni na wanke rigarki, ruwan banza zan samu. Sai ke da hannunki, da son ranki. In Yaya ya sha ruwan kafin ya huce, hannunsa zai dawo."

"Shi ke nan?"

"Ba shi ke nan ba. Sabulu ba ya zaɓe. Zai ɗauki na Yaya, ya haɗa da ɗan abin da kike da shi tun asali. Yadda kike sa masa maɓalli, haka shi zai koma sa miki. Shekarunki ashirin da shida, shi ya haura sittin. Ki yi tunani."

Na yi tunanin. Bai ɗauke ni lokaci ba. Na tuna yadda Baba yake zama a ƙofar gida, hannuwansa a kan cinya, in agogon wani ya yi ƙara sai yatsunsa su motsa su rasa inda za su.

Na cire rigar aikina. Shuɗiya ce, shekara bakwai tana jikina, a gida nake wanke ta da sabulun kasuwa kamar yadda dokar gidan nan ta ce.

"Ba ni makullin sabulu."

"Yatsu, kin haukace?" in ji Dogo. Ya tare gabana. "Don Allah ki tsaya. Ki bari ko zuwa gobe ne."

"Matsa, Yaya."

Goggo ta ciro makullin daga wuyanta, ta jefa shi a kan tebur.

"Ni dai na gaya miki. Dogo, kai ne shaida."

Na buɗe kabad na ɗauko sabulun, na tara ruwan ɗumi a farin baho. Na nutsa rigar. Na fara da wuya, na koma hammata, na gangaro bakin hannu inda gumi ya fi zama, yadda aka koya min. Na sha yi wa rigunan mutane haka ina hira ina dariya, ban taɓa tunanin abin da mai rigar yake ji a daidai lokacin ba.

Yau na ji. Sanyi ne ya fara daga kan farce, ya shiga gaɓa ta farko, ya shiga ta biyu. Kumfa tana tashi, ruwan yana komawa kalar zuma, ni kuma ina jin abubuwa suna zamewa daga hannuna ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake sauraron kwaɗo da ɗan yatsa ya tafi. Yadda ake kama ƙaramin noti ya tafi. Daga nan sai nawa na kaina suka bi, yadda ake ƙulla ɗankwali, yadda ake riƙe biro. Ina kuka ina cuɗawa, ina cewa a raina, Baba, ga shi nan zuwa, ka ƙara haƙuri kaɗan.

Na so in matse rigar, hannuna ya ƙi. Ta sulale ta koma cikin ruwan. Na gane an gama.

A nan ne na yi kuskuren da babu mai yin sa sai ɗan gidan nan.

Ruwan farko na mai wanki ne. Babu wanda ya isa ya taɓa shi sai mai wankin ya sallama da bakinsa, in aka taɓa kafin nan ya lalace. Abin da ya kamata in yi shi ne in zauna a gaban bahona, in ce a kira min Baba, in ya iso in sallama masa shi kaɗai. Na san wannan sarai. Amma a gidanmu mai wanki ba ya ɗura kwalba. In ka gama sai ka ɗaga hannu ka ce kalma biyu, Dogo ya zo da mataci da mazurari. Sau ɗari nawa na faɗe su, ban sani ba. Kaina yana juyawa, sai na ji bakina ya faɗa da kansa.

"A ɗauka."

Dogo ya riga ya iso. Mataci a hannun dama, kwalba a hagu, a wanke tas, a bushe, da murfinta. Ban ga lokacin da ya je ɗauko su ba. Sai daga baya na fahimci tun safe suna ƙarƙashin teburinsa.

Ya tace, ya ɗura, ya toshe. Hannunsa ko rawa bai yi ba.

"Yaya Dogo, ka sa min a aljihu," na ce. "Ka raka ni gida, ba zan iya riƙewa ba. Mu yi sauri kar ya huce."

Ya miƙe. Ya wuce ta gabana kamar ba ya jin magana, ya miƙa wa Goggo kwalbar da hannu biyu.

Goggo ta ɗaga ta saitin taga tana duba kalar.

"Ya fi na farko kyau," ta ce. "Shekara bakwai a jikin matashiya, ya ƙara nuna."

"Goggo, ba ni."

"In ba ki me?"

"Na Baba ne. Kin ce in ya sha zai warke."

"Zai warke mana, ban yi miki ƙarya ba. In ya sha." Ta naɗe kwalbar a cikin tawul. "Kin sallama, ɗiyata, kowa ya ji. Ba ki ambaci sunan kowa ba."

Na yunƙura zan tashi, na dafa bakin baho, hannuna ya goce na faɗi a cikin kumfa.

"Rigar Yaya shekara bakwai tana ƙasan akwatina," in ji Goggo. "Kin ɗauka da ƙafarta ta hau kantar ma'ajiya? Wa ya aike ki ɗauko hanga yau da safe?"

Na dubi Dogo. Shi ne ya aike ni.

"Ka ce kar ta gaya min," na ce masa. "Ka ce in bari sai gobe. Har idonka ya yi ja."

"Uwar ɗaki ce ta ce in hana ki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta ce ke in ba a hana ki abu ba, ba kya yin sa."

Wannan ta fi ta Goggo shiga raina. Mutumin da yake raba abincinsa biyu ya ba ni rabi, wanda nake gaya wa abin da ko ƙawata ba ta sani ba, ashe karanta ni yake yi yana kai rahoto.

"Za ki bar min aiki ki tafi da hannun da na ba ki," in ji Goggo. "Ki je ki zauna a teburin kakanki, ke da Yaya, ni kuma in ci gaba da wanke datti. A'a. Hannun nan na gidan nan ne, ga kuma mai so tun watan jiya yana min sintiri."

"Goggo, don girman Allah. Ni kin gama da ni, na yafe. Ki ba shi. Yayanki ne, ya goya ki, ya kai ki makaranta a kafaɗa, ke kika ba ni labari."

Ta tsaya a bakin labule. Na ga leɓenta ya motsa, na ɗauka ta karaya. Sai ƙararrawar ƙofar gaba ta kaɗa.

Ta gyara mayafinta.

"Dogo, kunna sauran injunan. Ka rufe ta."

Suka fita. Na ji makulli ya juya sau biyu.

Na ja jiki zuwa ƙofar. Makullin gida ne na banza, irin wanda nake raina wa masu shi wayo. Na kai hannu kaina na lalubo fil ɗin gashina, ya fito, ya faɗi a kan siminti. Na sa yatsu in ɗauka, suka ture shi. Na sake, suka sake ture shi. Na sa hannu biyu, ya gangara ya tsaya a gefen ƙafata, ina kallonsa.

Na buga ƙofar da kafaɗa, na ƙwala ihu har maƙogwarona ya dushe. Injuna shida suka haɗiye muryata.

Na manna kunnena a jikin katakon. Can ƙasan gurnanin na jiyo Goggo, da muryar nan tata mai zaƙi ta tarbar masu kaya.

"Barka da zuwa, ranka ya daɗe. Kayanka sun fito. A'a, kar ka kai mota, a nan za ka sha tun da ɗuminsa."

Sai na ji an ɓalle murfin kwalba.